Idan Wani a Gidanku Zai Fara Zuwa Wurin Mai Ba da Shawara

A gidajenmu na Birnin Kudu da Gwaram ba a cika jin mutum ya ce yana da ciwon damuwa ba. Abin da ake ji shi ne: kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mini, wani abu na yawo a jikina. Sai a je kemis a sayo maganin zazzaɓi, a yi gwajin taifod, a sha rubutu, a ƙara da jiƙo. Wata uku, wata shida, mutum na ramewa a tsaye. Ranar da likita ya ce gwaje-gwaje lafiya lau suke, zai tura shi wurin wanda za su zauna su tattauna, sai 'yan rakiya su kalli juna: hira kawai, bayan duk kuɗin motar da aka kashe?

Zama da mai ba da shawara jinya ce mai tsari, kuma makonni take ɗauka. Ko ta ɗore ko ta watse, yawanci a tsakar gida ake yanke hukuncin: wa zai ba da izini, wa zai biya kuɗin mota, wa zai iya kama bakinsa. Shawarwarin nan na mutanen gida ne, kafin su zama na majinyaci.

1. Ku gane inda "yi haƙuri" ya daina isa.

Baƙin ciki ba ciwo ba ne. Wanda aka yi wa rasuwa dole ya yi kuka, wanda ruwa ya tafi da gonarsa kamar yadda ya faru da manoman Jigawa da yawa a ambaliyar 2022 dole ya kwana yana lissafi. Abin da likitoci ke dubawa shi ne daɗewar abin da kuma ɓarnar da yake yi. Idan mutum ya kai mako 2 ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da ya saba jin daɗinsa ya fita daga ransa, abinci ba ya shiga, yana farkawa tun kafin kiran assalatu ya kasa komawa barci, ya daina zuwa gona ko kasuwa ko majalisar abokai, to lokacin neman taimako ya yi. Haka ma wanda gabansa ke faɗuwa ba dalili, ko wanda ya ga mummunan haɗari a hanya yake ta mafarkinsa.

Mai jego a sa mata ido na musamman. 'Yar ƙwalla da saurin ɓacin rai a kwanakin farko abu ne da mata da yawa ke yi, kuma yakan wuce kafin mako 2. Amma idan an yi suna, an doshi arba'in, tana nan ba ta son ɗaukar jaririn, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, kada a kira shi shagwaɓa ko son jiki.

2. A fara da duba jiki.

Ƙarancin jini, ciwon suga, maƙoƙo da hawan jini duk suna iya kawo kasala, bugun zuciya da rashin barci. Don haka ƙofar farko ita ce ta likita. Mutumin Basirka ko Sara ko Kila ya fara da asibitin da ke kusa da shi, daga nan a tura shi gaba. Mutumin Sundimina, Wurno ko Babaldu, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ba ta yi masa nisa ba. A yanki kati, a faɗa wa likita komai, har da abin da ke damun rai, a kuma tambaye shi kai tsaye wa ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wace rana. Idan abin ya fi ƙarfin wurin, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Kazaure, da na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Ku karɓi takardar turawa kafin ku kama hanya.

3. Ku san wanda kuke gabansa.

Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa tattaunawa ce da koyar da dabarun sarrafa tunani. Akwai nas-nas da suka ƙware a wannan fanni, akwai masu ba da shawara da aka horar, irin waɗanda ke zaunar da mutum kafin gwajin ƙanjamau da bayansa, ko waɗanda ke rarrashin mata a sashen masu yoyon fitsari na Jahun. Ke nan abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ba rashin ladabi ba ne a tambayi mutum inda ya yi karatu da asibitin da yake aiki. Wanda kuka gani a Facebook ko TikTok yana neman a tura kuɗi kafin ya faɗi inda yake, ku bar shi a can.

4. Kada a yi wa mutum dabara a kai shi.

Mun san yadda ake yi: a ce wa tsoho za a je gaisuwa Dutse, sai ya tsinci kansa a layin asibiti. Wanda aka yaudara ya zo ba zai buɗe baki ba, kuma daga ranar ya daina yarda da 'ya'yansa. A nemi wanda yake jin maganarsa, a same shi shi kaɗai, a faɗi abin da ido ya gani ba tare da an laƙaba masa suna ba. "Baba, mun ga kwana biyu ba ka barci, abincin ma sai dai a ɗauke kwano yadda aka kawo. Akwai wani malamin asibiti da ke duba irin wannan, ka yarda mu je tare?" Idan ya ce a'a, a bar shi, a sake dawowa bayan 'yan kwanaki. Kalmar hauka kada ta fito daga bakin kowa, ko da wasa, ko daga bakin jika.

Matar aure kuwa, maganar tana hannun maigida. Ina roƙon magidanta da babbar murya: izinin da za ka bayar ba na zuwa ɗaya ba ne. Idan ka yarda, ka yarda da dukan zaman. Kuma kada ka ɗauka ƙararka aka je kaiwa. Mai ba da shawara ba alƙali ba ne, ba ya raba aure, ba ya neman mai laifi.

5. Abin da za a tarar a zaman farko.

Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma kusan duk tambayoyi ne. Yaushe abin ya fara? Me ya faru kafin nan? Yaya barci, yaya abinci? Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a dangi? Wane magani ake sha, na asibiti da na gargajiya? Ana shan wani abu don gusar da damuwa? Wasu sukan yi amfani da takarda mai tambayoyi 9 da ke auna nauyin damuwa a mako 2 da suka wuce, a kuma sake cike ta daga baya don a ga ko an samu sauƙi.

Akwai tambaya ɗaya da ke razana mutanenmu: ko ka taɓa jin gara ka mutu, ko ka yi tunanin cutar da kanka? Kowa ake yi wa ita. Ba zargin raunin imani ba ne, kuma yin tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin. Mutane da yawa a wurin suke fara sauke numfashi, domin sun daɗe suna ɗauke da abin su kaɗai. A faɗi gaskiya.

Ba dole ba ne a amayar da komai a rana ɗaya. Wanda kunya ta hana shi wata magana ya ce, "Wannan sai wani zuwan." Macen da ta fi sakewa da mace 'yar'uwarta ta nemi hakan tun a wurin yankar kati. Wanda Fulatanci ya fi zama a bakinsa ya faɗa, a nemo mai fassara cikin ma'aikata ko wani babba da shi ya zaɓa da kansa. Kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa, kada a sa kishiya ko suruka. Kafin a tashi, majinyaci ya tambayi abu uku: me kuke ganin yana damuna, zama nawa za mu yi, kuma me zan yi a gida kafin in dawo?

6. Sirri: nan ne gidaje da yawa ke ɓata aikin.

Ɗan rakiya zai iya shiga da farko ya faɗi abin da ya lura da shi, domin sau da yawa shi ya san daren da ba a yi barci ba. Bayan nan za a ce ya ɗan ba su wuri. Ya fita da zuciya ɗaya. Akwai maganar da ɗa ba zai taɓa yi a gaban mahaifinsa ba, akwai wadda mace ba za ta yi a gaban ƙanin mijinta ba, kuma sau tari ita ce ainihin maganar.

Idan an dawo gida, kada a tare mutum da "me kika ce masa, me ya ce miki?" Ya isa a ce, "Sannu da hanya, yaya jikin?" Abin da ya ga dama zai faɗa da kansa. Kada kuma a buga wa ma'aikacin waya a bayan ido ana neman bayani. Ba zai bayar ba, kuma daidai ya yi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙin a rufa masa asiri da haƙƙin a nemi yardarsa kafin a yi masa magani. Inda ake buɗe sirri shi ne idan rai na cikin haɗari, nasa ko na wani, ko ana cutar da yaro. Mai ba da shawara na gari yakan faɗi wannan tun a zaman farko.

Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa. Birnin Kudu gari ne mai makarantar koyon aikin jinya, ba wuya ka shiga ɗaki ka tarar da ɗiyar maƙwabcinka ko abokin ɗanka cikin farin kaya. Idan haka ta faru, majinyaci yana da damar ya ce ya fi son wani, kuma babu wanda zai ji haushi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin asirin da ke tonuwa daga gida yake fita, a wurin biki, a bakin rijiya, a waya da 'yar'uwa ta Kano. Yarinyar da aka yayata cewa ana kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, shekaru za ta yi tana biyan bashin maganar, har a wurin neman aure. Mutum biyu ko uku da suka san abin sun isa.

7. Abin da ake yi a sauran zaman.

Ba nasiha ake yi ba, ba kuma wa'azi ba. Hanyar da ta fi yaɗuwa ta samo asali ne daga aikin wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, a shekarun 1960. Ya lura cewa mai ciwon damuwa yana da wasu tunane-tunane da ke faɗo masa da kansu, yana kuma karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. A ce mace ta gaida surukarta, ba ta amsa da fara'a ba. Nan take zuciya ta ce: ta tsane ni, kowa ma ya tsane ni, ba ni da amfani a gidan nan. Sai ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, shigewar kuma ta ƙara nisanta ta da mutane. Mai ba da shawara zai bi wannan zaren da ita a hankali: mece ce hujjar, akwai wata fassarar, me za ki ce wa ƙanwarki da ita ce ta zo miki da wannan?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci: zama 5, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90. Ana koyar da jan numfashi a hankali don kwantar da jiki, da rarraba matsaloli a ware wadda ake iya taɓawa a fara da ita, da komawa ƙananan ayyukan da aka bari, da sake kusantar mutanen da ake samun sanyi a wurinsu. A Zimbabuwe kuwa, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna yin zama 6 da masu damuwa, kuma bincike ya nuna an samu sauƙi na gaske. Na kawo waɗannan ne don kada a raina nas ko ma'aikaciyar lafiya da aka horar a ce sai babban likita.

Za a ba da aikin gida: fita tsakar gida da hantsi, ziyarar aminiya ɗaya a mako, komawa islamiyya, lura da lokacin da tunanin ke tasowa. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, ko ya ɗauki muryarsa a waya. A nan gida ke da babban aiki. A tuna masa sau ɗaya cikin taushi, a raka shi idan yana so, kada a mayar da abin gori.

Ku kuma sani, wani lokaci mutum kan dawo daga zama na biyu ko na uku idonsa jawur, ya fi jiya shiru. Kamar ɗori ne, ranar da aka ja ƙashi a mayar da shi wurinsa ta fi ranar karaya zafi. Kada a ce zuwan ne ke ƙara masa ciwo a hana shi komawa. A bari ya faɗa wa mai ba shi shawara yadda ya ji.

8. Idan an haɗa da ƙwaya.

Maganin damuwa ba ya aiki kamar na ciwon kai. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kafin a ga canji, alhali bushewar baki ko jiri ko yawan barci na iya zuwa tun kwanakin farko. Bayan an warware ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali. Kada a yanke shi rana ɗaya, kada a ba maƙwabciya don nata ya yi kama da naki, kada a je kemis a sayi maganin barci a ƙara. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun kafin a rubuta. Idan azumi ya gabato, a tambayi likita yadda za a gyara lokacin sha.

Matashin da ya faɗa wa tiramadol ko kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da maganin tarinsa da haɗa shi tun 2018, shi ma wannan hanyar ce tasa, sai dai tafiyarsa ta fi tsawo. Idan ya zame ya koma sha, a mayar da shi wurin zama, kada a ce an gama da shi.

9. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Babu mai ba da shawara na kirki da zai ce a bar salla, azkar ko karatun Alƙur'ani. Sau da yawa ma su ne abin da zai ce a riƙe. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan fanni. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya kuma ce na biyun yana buƙatar magani. Don haka cewa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni zalunci ne a kan mara lafiya.

Iyakar ita ce: duk wanda ya ce a daina maganin asibiti, ko a yi duka don a fitar da iska, ko a yi turaren da ke shaƙe numfashi, ko a sa mari, a tashi a bar wurinsa. Mun ga abin da aka tarar a gidajen mari na Rigasa a Kaduna da na Daura a 2019. Kada ɗanmu ya kwana a irin wurin nan da sunan gyara.

10. A yi lissafin kuɗi da lokaci tun kafin a fara.

Daga ƙauyukan Gwaram zuwa Birnin Kudu ko Dutse, kuɗin motar mutum biyu sau 6 ba ƙaramin abu ba ne. A tambayi adadin zuwan, a ware kuɗin gefe guda, 'yan'uwa su raba nauyin. A roƙi ranar da ba ta ci karo da ranar kasuwa ba. Da damina, lokacin da shuka da noma ke cinye yini kuma hanya ke ɓaci, a tambaya ko za a iya yin wasu zaman ta waya. Idan an yarda, a ba majinyaci ɗaki shi kaɗai da waya mai caji, a kwashe yara.

11. Idan jininsu bai haɗu ba.

Yana faruwa. Bayan zama 3 ko 4, idan majinyaci na jin ba a sauraronsa ko ana yi masa faɗa, ya faɗa, ko ya nemi a sauya masa wani. Wanda ya nemi a haɗu a wajen wurin aiki a ɓoye, ko ya fara maganar soyayya, ko ya kai hannu jiki, ko ya nemi kuɗi a bayan fage, a daina zuwa wurinsa, a kuma sanar da shugabannin wurin.

12. Abin da ba ya jiran ranar zama.

Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kwana uku ba barci yana surutai, ko mai jego ta rikice tana cewa jaririn ba nata ba ne, a tafi sashen gaggawa a ranar, ko da dare ne. Kafin a samu mota kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin feshin gona, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi a kulle a wani gida. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi ya kuma lafa, kuma nisanta mutum da abin da zai cutar da kansa a wannan ɗan lokaci yana ceton rai.

13. A bar zaman ƙarshe ya zama na ƙarshe da gaske.

Da an ga mutum ya fara cin abinci yana dariya, sai gida ya ce an warke, a daina ɓata kuɗin mota. Sauƙin farko ba shi ne warkewa ba, kuma zaman ƙarshe yana da aikinsa. A nan ake bitar dabarun da suka yi amfani, a lissafa alamomin da ke nuna ciwon na shirin dawowa, waɗanda sukan bambanta daga mutum zuwa mutum: wani barci ne ke fara gudu, wani daina zuwa masallaci, wata yawan kuka da yamma. A nan kuma ake shirya wa lokutan da aka san suna da nauyi, kamar haihuwa ta gaba, zagayowar watan da aka yi rashi, ko shekarar da amfanin gona bai yi kyau ba.

Tun 1954 likita Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, domin ya ga sun fi samun sauƙi idan danginsu na cikin jinyar. Don haka ku nemi a shigo da mutum ɗaya daga gida a zaman ƙarshe, wanda majinyacin ya zaɓa, ya ji alamomin da kunnensa. A adana katin asibiti da takardar magani wuri guda, a rubuta lambar sashen a bayan katin, a kuma tambayi ranar da za a dawo a sake dubawa bayan wata ɗaya ko uku.